Kujeruna a Bakin Titi

Shagonmu na kafinta yana bakin titi a Unguwar Shanu, dab da kwanar layin masallaci. Mahaifina ne ya buɗe shi tun farkon zuwansa daga Kano, ni kuma na ci gaba da riƙe shi bayan rasuwarsa. Kujerun kushin muke yi, da gadaje da durowa. Tun ina ƙarami al'adar shagon ɗaya ce: da safe a fito da kujerun da aka gama a jera su a filin gaban shago don mai wucewa ya gani, da yamma a mayar. Filin ya wadatar a lokacin, har da wata darbejiya da Baba yake shimfiɗa tabarma a inuwarta.

Da aka zo faɗaɗa titin, filin ya tafi, darbejiyar ma aka sare ta. Aka zuba kwalta mai kyau, aka gina kwata aka rufe ta da siminti, aka ɗan ɗaga gefen titin ya zama hanyar masu tafiya a ƙasa. Mun yi murna sosai. Ranar da aka buɗe titin na fito da kujeruna kamar kullum, na duba babu inda zan jera su sai kan wannan simintin, sai na jera su a can. Ban tambayi kowa ba, kuma a raina ban ga abin tambaya ba.

Ba a yi wata guda ba masu Keke Napep suka mayar da gaban shagona tasha. Nan mutanen layinmu suke fitowa su hau, nan ake sauke su. Keke uku, huɗu, wani lokaci shida, sun jeru sun tare kujeruna, mai wucewa a mota ba ya ganin komai sai rufin keke. Daga nan na rasa sukuni. Ina cikin yanka katako zan ji ƙarar inji ta tsaya, sai in ajiye zarto in fito. In na kore su na koma, kafin in kafa ƙusa biyu wasu sun zo. Na taɓa yanka yadin kujera ba daidai ba har sau biyu a yini ɗaya, saboda idona yana titi. Ko abinci aka kawo mini daga gida, a tsaye nake ci a bakin ƙofa. Maiɗakina ta ce ko a gida, da zarar na ji keke ya tsaya a waje sai in ɗaga kai kamar an kira sunana.

Na jera tsofaffin tayoyi a gefen kwalta, suka ture su. Na kawo bulo, da safe na tarar an ɗauke. Har ƙaramin allo na rubuta na kafa, wani ya rataya rigar ruwansa a kai.

Shugaban masu keken, wanda kowa ke kira Ciyaman, mutumin Zamfara ne, dogo, mai sanyin magana. Sanyin maganar nan shi ya fi ba ni haushi. Wata rana na same shi yana shan shayi a cikin kekensa, na ce, "Ciyaman, wai sai yaushe za ka janye mini mutanenka daga gaban shago?"

Ya ajiye kofin ya ce, "Malam, mi na yi maka? Titin gwamnati na. Nuna min inda kake so mu tsaya, yanzu in kai su."

"Wannan ba matsalata ba ce."

"To ai tamu ce, shi ya sa muka tsaya nan."

Na tafi ina huci. Haka muka yi ta yi, ba mu taɓa zagin juna ba, ba mu kuma taɓa rabuwa da daɗi ba.

Sai ranar da aka yi rasuwa a layin masallaci. Wani dattijo ne tela, aminin mahaifina, wanda ya ɗinka mini kayan salla tun ina ɗan ƙarami. Aka sa jana'iza bayan La'asar. Na janyo ƙofar shago, na bar kujeru a waje kamar yadda na saba in zan je salla, na kashe waya na shiga layi. Na manta shaf cewa ranar ce za a kawo mini katako daga wajen Rigachikun. Direban ya iso, ya kira ni bai samu ba. Ya duba gefen titi, kekuna sun cika shi, gabansu kuma motocin masu zuwa jana'iza ne. Sai ya ja motar ya tsaya a bakin layin, ya kulle ta, ya tafi neman abinci.

Muka idar da salla muka ɗauko makara. Motar da za ta kai gawa maƙabarta ta kasa shigowa, tana can gaba tana jira. Muka iso bakin layi, ga motar katako ta toshe shi, ba ta bar komai ba sai ɗan tsukin da ke tsakaninta da bangon shagona. A tsukin nan kuwa kujeruna ne a jere. Ina riƙe da ƙafa ɗaya ta makarar, ina jin nauyinta a kafaɗata, muka tsaya cik. Mutanen baya suna ta salati suna matsowa, ba su san abin da ya tsayar da mu ba. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Motar wa ce wannan?" Sai na ga idanu sun juyo kaina, don kowa ya ga katako.

Ciyaman da mutanensa ne suka fito daga cikin taron suka ɗaga babbar kujerar mai cin mutum uku, suka sauke ta kan kwalta. Sauran kuma aka ture su gefe. Muka karkata makarar muka wuce da ƙyar, har kafaɗata ta gogi jikin motar.

A maƙabarta ina zuba ƙasa, zuciyata tana can bakin titi. Abin da nake ta maimaitawa a raina shi ne, da masu keke ba su cika wurin ba, da direbana ya sami wurin tsayawa. Da wannan tunanin na dawo, da shi na kwana, kuma duk wanda ya zo shago a makon na faɗa masa haka.

Maganar ta kai kunnen mai unguwa, shi kuma ya kai ta gaba. Bayan kamar mako uku sai ga wata mata ta zo, matashiya, da lulluɓi da takalmin tafiya, da waya a hannu. Mai unguwa ya zagaya da ita shago-shago, ya ce daga ofishin masu tsara gari take, a Abakpa ta tashi, nan maƙwabtanmu, ta san titin. Muka riƙa kiran ta Malama. Ta ce ba kama kowa ta zo yi ba, so take ta fahimci yadda ake amfani da bakin titin kafin a ce za a gyara wani abu. Ta nemi izinin mai benen da ke kallon shagona, ta ɗaura wata ƙaramar kyamara a barandarsa. Ta buɗe mana guruf, wato zauren tura saƙo a waya, ta ce duk wanda ya ga abin da ya tare hanya ya ɗauki hoto ya tura, da lokacin da ya gani.

Ni dai kamar jira nake. Na zama wanda ya fi kowa turawa. Keke ya tsaya, hoto. Biyu sun jeru, hoto. Har na koyi tsayuwa ta bayan kujera don lambar keken ta fito sosai. Aiki ya taru mini a shago, wata mata da ta ba ni ɗinkin kujerun 'yarta ta zo sau uku ba su kammalu ba. Malama kuwa takan zo ta zauna a bencin Inna, wata dattijuwa mai sayar da ƙosai da kunu a bakin kwanar, tana duba waya tana hira da ita. Wata rana na tare ta na ce, "Malama, kina ganin hotunan da nake turawa kuwa?"

Ta ce, "Ina gani, Baba. Duk ina ajiyewa."

"To yaushe za a kore su?"

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Bari mu zauna gaba ɗaya tukuna, kowa ya ga abin da na gani."

Ran wata Asabar da hantsi aka yi zaman, a wani aji na makarantar firamare. Muka matsu a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna taɓa tebur. Masu shaguna suna gefe ɗaya, Ciyaman da mutanensa suna ɗaya gefen, mata kaɗan suna baya, mai unguwa yana kan kujerar malami. Na je da wuri na zauna a gaba. An rufe tagogi don hoto ya fito, zafi ya cika ajin. Malama ta haska majigi a bango, ta ce abin da kyamarar ta ɗauka ne na yini guda, daga safe zuwa Magariba, an matse shi ya koma 'yan mintoci.

Ga titinmu daga sama, yadda ban taɓa ganin sa ba. Motar burodi ta zo ta tafi. Kekuna suna zuwa suna tashi da sauri kamar ƙudaje, har aka fara dariya. Na gyara zama, na waiwaya in ga fuskar Ciyaman. Da na juyo sai na ga wani mutum a bangon yana fito da kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Ni ne. Daga nan komai ya ci gaba da motsi, motoci, kekuna, mutane, inuwa ma tana tafiya, amma kujerun nan suna nan inda suke. Duk wanda ya taho a kan simintin, in ya iso gare su sai ya sauka kan kwalta. 'Yan makaranta suka taho a jere, suka sauka, suka ratsa tsakanin kekuna. Wata mai goyo ta sauka, mota ta kauce mata. Masu keke kuma, saboda mutane suna tsaye a kan kwalta, sai su ƙara fitowa tsakiyar titi su ɗauke su.

Malama ba ta ambaci sunana ba. Ta ce kawai, "Kun ga abin da ya fi komai daɗewa a wurin." Wani daga baya ya ce, "Kushin!" Ajin ya fashe da dariya.

Na miƙe tsaye, na dubi mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan tun kafin a haifi yarinyar nan mahaifina yake jera kaya a cikinsa. An ɗauke mana fili, an sare mana bishiya, ba mu ce komai ba. Yanzu kuma ni ne mai laifi? In na shigar da kujeru ciki, wa zai san ina sayarwa? In ci me?"

Mai unguwa ya ce, "Zauna, Malam, ba shari'a muke ba." Ban zauna ba. Na tsaya a jikin bango, na harɗe hannu.

Ina jiran Ciyaman ya samu abin faɗa a kaina. Ya miƙe a hankali ya ce, "Ni dai na ga kaina a bangon nan, kuma ban ji daɗi ba. Mun yi yawa a wurin. Rabinmu ba fasinja muke jira ba, hira muke. Amma Malam yana da gaskiya wuri guda, kowa abinci yake nema. A ba mu wuri sananne, ni zan tsare mutanena." Ya zauna bai dube ni ba.

Malama ta zana titin a allo da alli, ta nuna shawarar da ta zo da ita: wurin keke a nan, wurin sauke kaya a can, bakin layi a bar shi fili. Sai Inna ta ɗaga hannu daga baya. Ta ce, "'Yata, na'urarki ta yi ƙoƙari, amma ranar Talata ta gani. Ba ta ga Juma'a ba. Kuma inda kika sa wurin sauke kayan nan, in aka yi ruwan sama tafki yake zama, ba direban da zai tsaya. Ni shekara nawa ina zaune a kwanar nan." Ta lissafa mata lokacin da motar burodi ke zuwa, da na masu lemo, da lokacin tashin makaranta, da ranar da ake kawo wa mai shagon siminti kaya. Malama ta goge allon da hannunta ta sake zane, Inna tana gyara mata. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira Azahar. Da aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, ni ban ɗaga ba. Na fita kafin a yi addu'a.

Abin da aka tsayar shi ne: keke uku kawai a lokaci guda, a ƙasa da shagona kaɗan, sauran su jira a wani fili bayan gidan mai, a riƙa kiran su ta waya in wuri ya samu. Gaban shagona ya zama wurin sauke kaya da safe, duk mai jiran mota ya sanar a guruf tun jiya don kada biyu su haɗu. Bakin layi ba mai tsayawa ko na minti ɗaya. Hanyar masu tafiya a ƙasa kuma ba a ajiye komai a kanta.

Kwana huɗu ina fito da kujeruna kamar ban ji ba. Ba wanda ya yi mini magana. Aka zo aka shafa fenti, rawaya a gabana, kore a wurin keke, ja a bakin layi. Masu keke suka koma wurinsu, su uku. Gaban shagona ya buɗe tas, abin da na yi wata da watanni ina nema. Amma yanzu da babu kekunan da za su kare ni, ina zaune ina kallon mutane suna isowa kan kujeruna suna sauka kan kwalta. A rana ta huɗu wani makaho ya taho da sandarsa, ya buga ta a jikin kujera, ya tsaya yana laluben hanya. Na fito na kama hannunsa na zagaya da shi. Ya ce, "Allah ya yi albarka, wani ne ya ajiye kaya a hanya." Na ce, "E, wani ne." Da ya wuce na fara kwashewa, tun rana ba ta yi ba.

Shagon ya cushe har ba wurin juyawa. Na haɗa wani bene na katako a ciki na ɗora waɗanda aka gama. Daga baya na fasa bangon gaba na sa ƙofa mai faɗi, yadda daga titi ana hango kujera biyu. Malama ta leƙo wata rana, ta ce in riƙa ɗaukar kowace kujera hoto kafin in ɗora ta sama, tunda na riga na ƙware a hoto. Ban yi dariya ba a lokacin, amma na yi yadda ta ce. Ciniki ya ja baya a watannin farko, ba zan ɓoye ba, kuma na sha kwana ina cewa gobe zan fito da su. Sannu a hankali mata suka fara tura wa junansu hotunan, ana kira na daga unguwannin da ban taɓa sayar wa kowa ba. Bai koma yadda yake a zamanin Baba ba, amma muna ci.

Sukunin dai ban same shi ba. Da can keke nake kora, yanzu layin fenti nake gadi. In baƙon direba ya tsaya a kan ja, ni ne farkon fita. Wata rana wani mai babbar mota baƙa ya tsaya daidai bakin layi, ya fito yana waya. Na ce, "Alhaji, don Allah a ɗan matsa gaba, nan ba a tsayawa." Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ne gwamnati?" Kafin in amsa sai ga Ciyaman a gefena, ya ce, "Alhaji, ba gwamnati ba ce, mu ne. Gawa ta taɓa tsayawa a nan. Ga wuri can na buɗe maka." Mutumin ya yi tsaki, amma ya matsa. Tun ranar, in Ciyaman ya sayi shayi yakan aiko mini da kofi, ni kuma na gyara masa kujerar kekensa da ta yage.

Damina ta zo ta wanke rabin fentin. Aka mayar da Malama wani aiki a wata unguwa, kyamarar ma aka cire. Guruf ɗin ya fara cika da gaisuwar Juma'a da tallan atamfa, sanarwar motar kaya tana ɓacewa a ciki. Ranar Juma'a kuwa, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, ba layin fentin da ke aiki saboda masu zuwa masallaci, mun haƙura da wannan. Ni da mai shagon siminti muka samo fenti, masu keke suka kawo burushi, muka sake shafawa wata Lahadi da safe. Layin bai miƙe kamar na farko ba.

Muna cikin shafawa sai ga masu tura kurar ruwa su biyar, 'yan Katsina, sun tsaya da jarkokinsu. Babbansu ya gaishe mu ya ce, "Malam, mun ga kowa an ba shi kala. Mu ina tamu? In mun hau siminti a ce mun tare hanya, in mun sauka kwalta mota ta ture mu." Muka dubi juna da Ciyaman. Ba wanda ya tuna da su ranar zaman, ba a ma gayyace su ba.

Da yamma na rubuta a guruf cewa akwai buƙatar a sake zama. Kwana biyu ina duba waya, ba amsa sai wani da ya turo hoton takalma. A rana ta uku na je sayen ƙosai, Inna tana juya kasko ta ce, "Na ji saƙonka, jikata ta karanta mini. Na yi wa mai unguwa magana, ya ce Asabar mai zuwa. Ka gaya wa masu ruwan su zo da wuri, su zauna a gaba. Kuma ka zo da alli, na makarantar ya ƙare."